Gyaran waya a Kaduna: aikin fanel da riƙon amana

Shagona yana gefen Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ta ɓangaren titin Ahmadu Bello. Gyaran waya nake yi, kuma ƙwarewata ta fi ƙarfi a aikin fanel, wato allon cikin waya da kayan lantarkinta ke manne a kai: wayar da ta faɗa ruwa, wadda ta daina shan caji, da wadda aka riga aka ce wa mai ita ya haƙura ya sayi wata.

Aikin fanel ba ya son gaggawa. Idan aka kawo wayar da ta ƙi tashi, sai in cire batir in haɗa ta da na'urar ba da wuta, in duba yawan wutar da take ja tun ba a kunna ta ba. In tana ja, akwai inda wuta ke zurarewa. Daga nan sai mita, a bi layi ɗaya bayan ɗaya har a kai ga kafasitar da ta ƙone, wadda girmanta bai kai ƙwayar gero ba. A ƙarƙashin makiroskof ake ɗaga ta da ɗan hantsaki, bulowa na hura iska mai zafi daidai gwargwado. Zafi ya yi yawa, aisin da ke kusa, ɗan guntun nan mai sarrafa aikin waya, ya tashi. Ya yi kaɗan, dalma ta ƙi narkewa ka yage layin. Wannan hannun ba a sayensa a kasuwa. Wayar da ta sha ruwa kuwa, don Allah a daina binne ta cikin shinkafa, kuma kada a sa ta caji. Tsatsa ce ke cin fanel, wanke shi ake yi da sifirit.

Na koyi sana'ar ne zamanin Nokia 3310, 'yan shekaru bayan shigowar wayar salula Najeriya a 2001. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya daɗe yana sa ni ciro kayayyaki daga matattun fanel ina mayarwa kafin ya bar ni in taɓa wayar kwastoma. Dokarsa ɗaya ce mai tsanani: yaron da ya buɗe saƙon wani ya bar shagon ranar. A lokacin ma ba abin da ke cikin waya sai lambobi da tes.

Yau fa? An kawo BVN a 2014, a Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, sannan ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura kowa ga tiransifa, har mai shayi da mai kayan miya. Asusun mutum, hotunan iyalinsa da sirrin kasuwancinsa duk suna aljihunsa. Abin da ke damuna shi ne inda mutanenmu suke ajiye yardarsu. Hajiya za ta zo ta zare sim, ta zare memori, ta zauna ta zuba mini ido har in gama. Ban ga laifinta ba, haka ya kamata. Amma ita ɗin ce wani zai kira ya ce daga banki yake, ta karanta masa lambobin da aka turo mata ba tare da ta ga fuskarsa ba. Ɗan kasuwa ya saki kaya don an nuna masa hoton rasit a waya, bai buɗe asusunsa ya ga kuɗin sun sauka ba. A ɗaya gefen kuma akwai dattawa da suka rantse ba za a sa musu manhajar banki ba, wai waya ɓarauniya ce, sai ka gan su wurin mai POS suna faɗin lambar sirrin katinsu da ƙarfi a bainar jama'a.

Nakan ce, "Baba, ba wayar ce ke sata ba. Wanda ya ɗauke ta sim ɗin yake so, ya sa a ƙaramar waya ya yi ta gwada lambobin banki." Maganin farko kuwa kyauta ne: a sa wa sim lambar kulle. Wanda ya yi kuskure sau 3, layin ya rufe sai da PUK, lambar buɗewa ta musamman daga kamfanin layin.

Ba a banza ake zargin masu gyara ba, kuma wannan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Akwai waɗanda suka yi wata biyu a gindin lema suka ce sun iya. Su cire batir mai kyau su sa gajiyayye, su manna sikirin kwafi su karɓi kuɗin orijina. Wayar da ke karanta yatsa ta cikin gilashi, in aka sa mata irin wannan sikirin mai arha, sau da yawa karanta yatsan ya tafi ke nan, haske ya dushe, caji ya riƙa zuba. Wasu dillalan ma cikin kwalin orijina suke turo jabu, shi ya sa ba na manna sikirin sai na gwada launi da taɓawa kusurwa zuwa kusurwa. Duk da haka sai kwastoma ya ce, "Haba Malam, can an ce mini rabin wannan." In ce, "Alhaji, akwai na rabin a nan ma, ga su biyun, duba da idonka." Wanda ya zaɓi kwafi ina sa masa, amma da sunansa na kwafi, kuma a rubuce a rasit.

Teburina yana fuskantar kwastoma, yana ganin hannuna. Ba na karɓar lambar buɗe waya; in gwaji ya zo, mai ita ya buɗe da kansa, mu gwada sifika, kyamara da caji tare. Duk abin da na cire ina mayar masa a leda. Yarana biyu suna kan dokar maigidana har yau. Wanda kuma yake son a nuna masa yadda ake kulle sim, ko bai kawo gyara ba, ya shigo kowace rana ban da lokacin sallar Juma'a, ba ko sisi.