Kwanan wata da CSV: a yi hattara

Jama'a, masu shigar da fayil ɗin CSV (fayil ɗin rubutu ne da waƙafi ke raba bayanan cikinsa) cikin Excel, ku daina buɗe shi da danna sau biyu. Nan ɓarnar take farawa. Excel yana bin saitin yankin kwamfutarku ne. Idan na Amurka ne, 03/04/2024 zai zama 4 ga Maris, alhali mai fayil ɗin 3 ga Afrilu yake nufi. Shi kuwa 13/04/2024, tunda babu wata na 13, sai ya bar shi a matsayin rubutu. Rabi a juye, rabi ba kwanan wata ba, kuma ba zai ce muku uffan ba. Alamarsa: rubutu yana jingina hagu, kwanan wata na gaskiya yana dama.

Maimakon haka, a cikin Excel ku bi ta Data, sannan From Text/CSV, sai Transform Data. Ku zaɓi layin tsaye (column) na kwanan watan, Change Type, Using Locale, ku faɗa masa yankin da aka rubuta shi. Canza tsarin bayan an riga an buɗe ba ya gyara komai, ranar da aka juya ta riga ta juyu.

Shekara mai lamba biyu ma tarko ce: 29 za ta koma 2029, 30 kuma 1930.

A rumbun bayanai, ku fara zuba kwanan watan a matsayin rubutu, sannan ku juya shi da umarnin STR_TO_DATE in rumbun MySQL ne, ko to_date in PostgreSQL ne. In ku ke fitar da fayil ɗin, ku rubuta 2024-04-03, wato shekara, wata, rana, tsarin ƙasa da ƙasa da ake kira ISO 8601.