Alhaji da jumel ɗin miliyan 2

Wata ranar Laraba bayan la'asar wani Alhaji ya tsaya da mota a ƙofar shagona a nan Yamai, ya shigo da waya a hannu. Da muka gama gaisawa sai ya miƙo mini hoton wani jumel, wato madubin hangen nesa, ƙirar Swarovski ta ƙasar Ostiriya. Ɗansa da ke aiki a Faransa ne ya turo, yana son ya yo masa tsaraba da shi. Kuɗinsa ya kusa Yuro 3,000. Muka buga lissafi a kan Sefa 656 kowane Yuro, abin ya tasam ma miliyan 2.

Ya ce, "Malam, an ce mini kai ka san kan waɗannan abubuwa. Tsakaninka da Allah, in bar yaron nan ya zuba wannan kuɗi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sau nawa za ka ɗora shi a ido a shekara?"

Ya shiga lissafi da yatsu. Duban watan azumi da na salla. Kai jikoki Kure su ga raƙuman dawa. Kokowa in an zo gasar takobi. Sai in ya je garkensa ta hanyar Filinge, ya hango shanu daga inuwa. Duka-duka bai cika 10 ba. Na jawo masa kujera, na sa yaro ya ɗora shayi, domin amsar ba ta tsaye ba ce.

Ni ɗan Tawa ne. Ina ɗan shekara 14 aka kawo ni Yamai aka damƙa ni hannun wani dattijo mai gyaran agogo da kyamara kusa da ƙaramar kasuwa, tun kafin gobarar da ta cinye ta. Allah Ya jiƙansa. Shekara guda cur ban taɓa turnabis, wato sukudireba, ba, shara nake yi da wanke tsumma, in zauna in zuba ido. A lokacin Turawa masu zuwa gandun dajin W da ma'aikatan gandun daji su ne ke kawo jumel gyara, yawanci tsofaffin 8x30 na Rasha da na Carl Zeiss Jena, masu jikin ƙarfe da baƙar fata. Ranar da ya fara buɗe ɗaya a gabana na ga gilasai masu kusurwa biyu-biyu a kowane ɓangare, zaune cikin gurbinsu. Ya ce sunansu pirisim, su ke miƙe hoto, in ba su da sai ka ga raƙumi ƙafafu a sama. Daga baya na karanta cewa wani ɗan Italiya mai suna Porro ya tsara wannan zubi tun 1854, kamfanin Zeiss kuma ya fara ƙera jumel da shi a 1894. Har yau wannan tsohon zubin, mai faɗin kafaɗa, shi ne ya fi ba talaka hoto mai kyau da kuɗi kaɗan.

Abin da ya fi ba ni wuya, kuma shi ne abin da nake taƙama da shi yau, daidaita idanu biyu ne. Jumel madubi biyu ne da aka haɗa, dole su kalli wuri ɗaya tak. In ɗaya ya kauce ko da kaurin gashi, idonka zai yi ta kokowa ya haɗa hotunan, kai ba ka sani ba, bayan minti 5 kanka ya ɗau ciwo ka ce rana ce. Maigidana yakan tsayar da ni a bakin titi ya ce in kalli wayar lantarki mai nisa, in janye jumel ɗin daga fuskata kamar taƙi guda. In wayar ta tafi a miƙe daga idon hagu zuwa na dama, lafiya. In ta karye, ɗaya sama ɗaya ƙasa, akwai aiki. Sai a ɗaga fatar jiki a nemo ƴan ƙananan bis, wato ƙusoshi masu murɗi, da ke tura pirisim, ko a juya zoben da ke riƙe gilashin gaba. Juyin ba ya kai rubu'in rubu'i. Ka juya, ka fita ka duba, ka dawo, ka sake. Na taɓa kwashe kwana 3 a kan guda ɗaya, da na kai masa ya ɗora a ido bai ce komai ba, ya mayar mini. Daidai yake in mutum ya buɗe shi iya faɗin fuskata, amma da mai faɗin fuska ya ƙara buɗe shi sai ya kauce. A nan na gane cewa sai an daidaita idanun biyu da ƙarfen tsakiya da suke juyawa a kansa. Masu wannan haƙurin ba su da yawa a garin nan, kuma duk jumel ɗin da ya fita daga hannuna ya bi ta wannan gwaji, sabo ne ko tsoho.

Shi ya sa raina ke ɓaci da kayan da suka cika gari yanzu. Za ka ga yaro a bakin danja ko cikin kasuwar Katako yana yawo da jumel mai jan gilashi yana walƙiya, an rubuta 60x90 a jiki, har da sunan wani babban kamfani da aka sata aka manna. Jikka 7, wato Sefa 7,000, in ka taya jikka 5 a sallama maka. Ka auna gilashin gaban da aka ce milimita 90 ne, ba zai kai 40 ba. Jan fentin nan kuwa ba ya ƙara komai, hasken ja yake korewa, ka ga duniya ta koma kore-kore kamar ruwan tafki. In ka buɗe ciki, pirisim ɗin da gam aka liƙa shi, babu bis ɗin gyara ko ɗaya, wani gilashin ma roba ce. Faɗuwa ɗaya daga kan kujera ya gama yawo. Sai a kawo mini a ce in gyara, in ce ba ya gyaruwa, a fita ana cewa na cika girman kai. Kama da wane ba ta wane.

Na fito wa Alhaji da guda 3 na jera a kan tebur: irin na bakin danja da wani ya bari bai dawo ba, wani Nikon 8x42 mai matsakaicin kuɗi, da wani Leica, irin masu tsadar nan, na wani ɗan jagora da ya kawo in canza masa robar ido. Na fara yi masa bayanin lambobin. Ta farko yawan kusantowa ce, 8 na nufin abin da ke mita 800 zai zo kamar yana mita 100. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne da milimita. In ka raba ta biyu da ta farko, ka sami kaurin hasken da ke shiga idonka: 42 a raba 8 ya ba da 5 da ɗan ɗoriya. To ƙwayar idon mutum a tsakar ranar Yamai tsukewa take yi zuwa milimita 2 ko 3. Duk hasken da ya wuce wannan a banza yake zuba. Sai da magariba take buɗewa, ta yaro ta kai 7, ta dattijo da wuya ta wuce 5.

Muka fita ƙofar shago. Na ce ya karanta rubutun wani allo can ƙarshen layi. Da na jan gilashi ya ɗora ya sauke yana murza ido. Da Nikon ya karanta har lambar waya. Da Leica ma ya karanta, ya yi shiru, ya sake ɗaukar Nikon, ya sake komawa. Ya ce, "Wannan ya ɗan fi, amma ban ga fin miliyan ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma ba zan rage wa manyan jumel darajarsu ba, don ni na san abin da ke cikinsu. Kowace fuskar gilashi da ba a shafa mata magani ba tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske, jumel kuwa yana da fuskoki fiye da 10. Manyan kamfanonin nan sun kai shafin nasu inda fiye da kashi 90 na haske ke isa ido, na tsakiya masu kyau suna haura 80. Hotonsu garau yake har bakin da'ira. In ka kalli farar belbela a kan baƙin reshe ba za ka ga shuɗi ko ja ya kewaye ta ba. In ka fuskanci yamma rana na gab da faɗuwa a bakin kogi, hoton ba ya yin fari-fari. Wanda duk ya taɓa tsayawa a bakin kogi a ƙauyen Bubon da asuba yana jiran dorina ta ɗago kai, ko yana ƙirga kirinjijiya da dinya a tafkin Tabalak can wajenmu, ya san minti 20 ɗin nan na duhu-duhu su ne inda kuɗin ke fitowa. Ɗan jagoran da ke da Leica ɗin nan kullum yana daji. Raƙuman dawan Kure, da suka ragu har zuwa kusan 50 a 1996 kafin su farfaɗo su haura 600, da zanen jikinsu ake gane kowannensu, shi kuma aikinsa ke nan, awa 6 ko 7 jumel na fuskarsa. Irinsa in ya sayi mai tsada bai yi ɓarna ba, idonsa ya saya wa hutu, kuma zai shekara 20 yana mora.

Amma ƙasarmu tana da nata sharaɗi da takardar talla ta Turai ba ta faɗa. Daga Disamba zuwa Fabrairu in hazo ya sauka, ka tsaya a gadar Kennedy ba ka ganin ƙetaren kogi sosai, babu gilashin da ke huda ƙura ko nawa aka saye shi. A watan Afrilu kuma ƙasa na tafasa, iska na rawa, jumel sai ya kusanto maka da rawar tare da saniyar. Wannan ne ma ya sa nake hana mutane sayen mai kusantowa 16 ko 20, su da suke ganin yawan lamba shi ne kyau. Da ka wuce 10 hannunka ma rawa yake, filin da kake gani ya tsuke, ƴan kokowa biyu su fita daga da'irar kafin ka same su an yi kaye. Sannan zancen gyara. Na zamani masu miƙaƙƙen jiki a rufe suke ruf, an cika su da iskar azot, wato naitirojin, don kada ƙura ko raɓa ta shiga. Abu ne mai kyau ƙwarai a nan, sai dai in mai tsadar ya faɗi ya kauce, ni ba zan yi maka ƙarya ba, ba na buɗe shi. Sai an mayar da shi Turai, ka nemi mai tafiya, ka jira watanni. Garantin yana nan, hanyar ce da nisa.

Abin da ke kashe jumel a garin nan ma ba yawan aiki ba ne, ajiya ce. A bar shi a gaban mota rana ta dake shi, man da ke cikin zoben ya narke, tururinsa ya kwanta a kan pirisim. A goge gilashi da bakin riga alhali ƙurar hunturu na kai, yashi ne fa, kankare maganin yake yi. A jefa shi cikin akwati da damina, a fito da shi an ga fumfuna ta yi saƙa a ciki. Ni kafin auduga ta taɓa gilashi sai na hure shi da famfon roba, na bi da buroshi mai laushi, sannan ɗigon alkol, daga tsakiya zuwa baki, kowace auduga shafa ɗaya a yar. Wanke ciki da daidaitawa yini guda yake ci. In na ce jikka 10, sai mutum ya ce, "Haba maigida, ɗan goge gilashi?" Wanda ya sayi na bakin danja sau 3 a shekara 2 shi ne ya fi kowa ciniki.

Na ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, ka ce wa yaron nan Allah Ya yi masa albarka, ya nemo maka 8x42 na kamfanin da aka sani, rufaffe wanda ruwa ba ya shiga, tsakanin Yuro 200 da 300, daga shagon da ke ba da takarda. Kana sa tabarau, to ya duba wanda robar idonsa ke murɗawa ƙasa. In ya iso ka kawo mini in gwada shi kafin jikoki su karɓe." Na nuna masa yadda zai riƙe shi nesa da fuska ya kalli ɗigon hasken da ke gilashin baya: in da'ira ce cikakkiya pirisim ɗin mai kyau ne, in gefenta ya yi kusurwa huɗu da inuwa an yi tsimi a ciki. Na kuma roƙe shi abu ɗaya game da duban wata, kada kowa ya ɗora jumel a ido sai rana ta faɗi gaba ɗaya, musamman yara, don kallon rana da shi ko na ƙiftawa ne yana iya ƙona ido har abada. Hukuncin ganin wata da madubi kuwa na malamai ne, ni nawa gilashi.

Ya tambaye ni ko ina da irinsa a shago. Na ce ina da guda 4 da na gwada da hannuna, da wasu tsofaffin 8x30 na Rasha da na wanke na daidaita, waɗanda nake ba masu ƙaramin ƙarfi. Ya ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce na makiyayinsa ne, ya biya bai taya ba.

Bayan wata 2 direbansa ya kawo mini kwali daga Faransa. Na fita bakin titi na nemi wayar lantarkin da na saba dubawa, na janye shi taƙi guda daga fuskata. Wayar ta tafi a miƙe. Na daidaita masa zoben idon dama, na ɗaura igiyar wuya yadda ba za ta zame ba, na rubuta a ƴar takarda cewa kada a bar shi cikin mota, na sa a cikin jakar.