Alamar & a zagayen for na C++

Da C++ nake rubuta ƙaramin shirin lissafi na shagon kawuna a babbar kasuwar Maraɗi. Jerin farashi ne kawai, buhun gero, na wake, na gyaɗa, duk a cikin vector ɗaya, wato ma'ajiyar jeri ta C++, mai suna farashi.

A da, in za a zagaya jerin ɗaya bayan ɗaya, sai mutum ya rubuta for (int i = 0; i < farashi.size(); i++), yana ƙirge da kansa. In hannu ya zame ya sa <= maimakon <, shirin ya zarce ƙarshen jeri, ya kwaso abin da ba nasa ba. Tun fitowar C++11 a 2011 aka huta da wannan wahala. Ka rubuta for (int f : farashi), shi ke nan. Kwamfaila, wato manhajar da ke fassara shirin zuwa yaren na'ura, ita ce ke kiran begin() da end(), masu nuna farko da ƙarshen jeri, a ɓoye, ta bi jerin ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai sauƙin yana da tarko, kuma nan ne ɗaliban da ke zuwa wurina daga jami'a suka fi faɗawa. A ce Kawu ya ce: "Ɗana, ƙara dala ɗari a kowane buhu." Sefa 500 ke nan. Ka sa f += 500 a cikin zagayen, shiri ya tashi lafiya lau, babu ƙorafi ko ɗaya, amma farashi yana nan yadda yake. Dalili kuwa f kwafi ne. Kamar ka gyara fotokopi ne, takardar asali tana cikin aljihun tebur ba a taɓa ta ba. Sai ka rubuta for (int& f : farashi) kafin gyaran ya kai ga ainihin lambobin. In karantawa kawai za ka yi, musamman sunayen kaya masu tsawo, const auto& ya fi, don ba ya kwafe komai.

Bashin abokan ciniki a map mai suna littafi nake ajiye shi, wato ma'ajiyar da ke haɗa kowane suna da bashinsa, kuma C++17 ta ba ni for (const auto& [suna, bashi] : littafi). Wallahi ya fi tsohon salon rubuta first don suna da second don bashi daɗin karatu nesa ba kusa ba.

Abu ɗaya ne ba na yarda a yi mini: push_back (ƙara abu a ƙarshe) ko erase (share abu) a kan vector ana tsakiyar zagaya ta. Da push_back tana iya ƙaura zuwa wani wuri a ƙwaƙwalwar na'ura, zagayen ya ci gaba da laluben tsohon wurin; erase kuma yana gusar da abubuwan da ke cikinta, zagayen ya rikice. In sharewa ake so, ko ana buƙatar lambar layi a kan rasit, tsohon salon nake komawa.