Launin ganye da lissafin DPPH: darussa daga ɗakin gwaji

Aikin digiri a kan ganyen zogale, sabara, marke ko shuwaka ya fi lalacewa a gaban na'urar auna haske, ranar gwajin DPPH, wato sinadari mai launi da ake auna ƙarfin antioksidan ɗin ganye da shi. Sau da yawa mai aikin ba ya farga sai ranar kare aiki, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya ɗaga takarda ya ce, "Ina bulank ɗin samfurinka?"

Kowa ya haddace tsarin. A narka miligiram 3.94 na DPPH a mililita 100 na metanol, a samu ruwa shunayya mai ƙarfin 0.1 mM. A haɗa da ruwan ganye, a ajiye a duhu minti 30, a karanta a 517 nm, wato tsawon zangon hasken da ake saita na'urar a kai. Gwargwadon yadda shunayyar ta koɗe ta koma rawaya, gwargwadon ƙarfin antioksidan ɗin ganyen, wato ƙarfinsa na kashe kaifin sinadarai masu lalata ƙwayoyin jiki. Abin da ake mantawa shi ne na'urar ba ta san DPPH ba, launi kawai take gani. Ruwan marke da na sabara ja-ja ne mai duhu saboda tanin, sinadarin da ke sa bauri, jar yakuwa kuwa launinta yana shan haske dab da inda ake karantawa. Idan ka ƙara yawan samfur, DPPH yana koɗewa amma launin ganyen yana cike gurbin, sai lamba ta ƙi sauka. Daga nan za ka ga koɗewa kashi 70 a mikirogiram 100, kashi 55 a mikirogiram 500, wani lokaci har ƙasa da sifili. Ganyen da ya fi kowanne ƙarfi sai ya zo na ƙarshe a jadawali.

Maganin bai wuce kwalba ɗaya ba ga kowane ma'auni: ruwan ganye da metanol zalla, babu DPPH, wato bulank ɗin samfur ke nan. A karanta ta, a cire lambarta daga ta samfur, sannan a kwatanta da kwantirol, wato DPPH da metanol babu ganye. Metanol kaɗan ne da minti goma. Amma takardar tsarin da ake gada daga ɗalibi zuwa ɗalibi ba ta ɗauke da wannan layin, kuma akwai masu duba aiki da idan layin zane ya karkace sai su ce, "Je ka daidaita shi," ba tare da sun tambayi dalili ba. Kowa ya san abin da "daidaitawa" take nufi. Wanda ya ƙi taɓa lambobinsa shi ke ƙara zango, wanda ya taɓa ya wuce da maki mai kyau, kuma IC50 ɗinsa, wato yawan samfurin da ke koɗar da rabin DPPH, ya shiga mujalla wasu su riƙa dogara da shi.

Shi kansa DPPH ba ya jure haske. A haɗa shi ranar da za a yi aiki, a naɗe kwalbar da takardar alminiyam. Idan kwantirol ya faɗi ƙasa sosai tun kafin a fara, ruwan ya mutu, a zubar. Asid ɗin askobik, wato bitamin C, da ake kwatantawa da shi ma haka, na jiya ba ya aiki yau.

Zafi shi ne ɓarna ta biyu. Ganye a inuwa ake shanya shi, inda iska ke ratsawa, har ya riƙa karyewa a hannu. A jiƙa giram 100 na gari a lita ɗaya na etanol mai kashi 70 tsawon awa 72, a tace da takardar tacewa ta Whatman lamba 1, a ƙafe a digiri 40. Inda babu na'urar ƙafewa sai a ɗora a ruwan zafi a ƙure wuta don a gama kafin a ɗauke lantarki, abin ya fito baƙi kamar kwalta, wani ɓangare na sinadaran ya riga ya tafi. Danƙon da bai bushe sarai ba kuma nauyinsa har da ruwa, duk lissafin miligiram ya tashi a banza.

Sauran a taƙaice. A kai ganye ɗakin adana tsirrai, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a karɓi lambar tantance tsiron kafin a niƙa, don suna ɗaya na Hausa yakan hau tsiro biyu. Gwajin Folin, na auna yawan sinadaran fenol, a 765 nm yana ƙirga sukari mai ragewa da bitamin C tare da fenol, kada a ce duk lambar fenol ce. A farantin Mueller-Hinton, inda ake gwada ganye a kan ƙwayoyin cuta, a bar rami ɗaya na DMSO, ruwan da ake narka samfur a ciki, shi kaɗai, a daidaita yawan ƙwayoyin cutar a 0.5 na ma'aunin McFarland. Kowane karatu sau uku.

Sai babin ƙarshe, inda ake rubuta cewa sakamakon "ya tabbatar da amfanin ganyen a gargajiyance". Mai magani da ruwa yake dafa sabara, kai da etanol ka jiƙa. Kuma koɗar da launi a kwalba bai nuna abin da zai faru bayan ciki da hanta sun sarrafa ganyen ba. In ana son a yi maganar gargajiya, a dafa kaso ɗaya da ruwa yadda ake yi a gida, a gwada su gefe da gefe, a kuma yi gwajin guba a kan ɓeraye kafin a ambaci kalmar magani.