Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Shekarar da lissafi ya ƙwace ma Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da wannan sati. Wancan satin mun tsaya inda na bar lakwal na koma shagon Baba a babbar kasuwar Maradi. Yau zan shiga rashin lafiyarsa, wallahi har gobe in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Baba mutum ne da canjin naira zuwa sefa a ka yake yinsa, in an sauke atamfa daga Kano kafin yaran shago su lalubo kalkuleta shi ya riga ya faɗi riba. Sai ga shi ran nan wata mata ta ba shi jaka biyar ya maida mata canjin jaka goma, da na yi magana ya tsaya yana kallon kuɗin a hannunsa kamar yau ya fara ganinsu. Sunayenmu bai manta ba, labarin fataucinsu na Jibiya yana bada shi tiryan-tiryan, amma abu mai hawa biyu ko uku, a ce karɓi kuɗi, cire na kaya, bada canji, sai ya kakare a tsakiya. Tafiyarsa ma ta canza, taku ƙanana yana jan ƙafa, fitsari yana kufce masa, ga saurin kuka ga mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba.

Kawu ya ce jifa ne, 'yan kasuwa ne suka yi masa hassada. Inna ta ce tsufa ne, alhali bai kai saba'in ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Abin da ya riƙa ruɗa mu shi ne ciwon ba ya tafiya a jere, sai ya yi watanni a tsaye mu ce Alhamdulillahi an samu sauƙi, sai a wayi gari ya ƙara sauka mataki guda kuma ba ya komowa.

Da muka kai shi asibiti aka gwada tansiyo, 19/11, alhali daga 14/9 ake cewa jini ya hau. Aka yi hoton kai. Likitan, Allah ya saka masa, ya zaunar da ni ya ce, "Malam, Alhaji ya daɗe yana samun ƙananan shanyewar jiki ba ku sani ba." Na ce likita ai bai taɓa faɗuwa ba, bakinsa bai karkace ba. Ya nuna mani wasu ɗige-ɗige can tsakiyar ƙwaƙwalwa ya ce ai irin wannan ba ya kada mutum, a ɓoye yake ɓarna.

Ga yadda na fahimta. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba amma tana cin kusan kashi 20 na iskar da jini ke ɗauka, kuma ba ta da ajiya. Jinin yana isa gare ta ta jijiyoyi ƙanana, wasu sun fi gashi siranta. Hawan jini na shekaru, da ciwon suga da taba, suna sa bangonsu ya yi kauri ya ƙanƙance, wasu su toshe, wasu su riƙa yoyo, abin da ya kamata bangon ya tace ya hana shi shiga sai ya riƙa tsallakawa cikin ƙwaƙwalwa. Wanda ya san gonakin rani na Jiratawa ya san in ƙananan magudanai suka cushe, babban kanal na cike da ruwa amma fadamar ƙarshe tana bushewa. Sashen da ke haɗa tunani da tsara aiki shi ya fara bushewa ga Baba, shi ya sa lissafi ya riga sunaye tafiya. Likitan ya ce bayan cutar mantuwa da ake kira Alzheimer, wannan cutar ta jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa ita ce ta biyu wajen kawo ruɗewar tsofaffi, sau da yawa ma su biyun suna haɗuwa a kai guda.

Abin da ya fi ƙona mani rai, tun lokacin gwajin tafiya Hajji aka gaya ma Baba yana da tansiyo. Sai ya riƙa shan ƙwayar ranar da kai ya yi ciwo kawai, in ya ji garau ya jefa ta a aljihun riga. Haka rabin dattawan layinmu suke yi har yau, ina ganinsu.

Na tambayi likita ko zai warke. Ya ce wurin da ya mutu ba ya dawowa, sai dai a tsare abin da ya saura: magani kullum ba fashi, a rage gishiri da dunƙule a miya, a riƙa fita da shi yana takawa. Inna ta karɓi wannan aiki, bayan sallar asuba ita ke miƙa masa ƙwayar da kofin ruwa ta tsaya har sai ya haɗiye.

Saura maganar makullin shago, wa zai iya ce ma Alhaji ya miƙa shi? Nan rigima ta tashi tsakanina da Yaya, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.