Asabar, mun je ganin gidan bayan Janguza

Sha ɗayan dare ta wuce, an ɗauke wuta, yara sun yi barci, ni kuwa idona biyu. Maganar Umma ce ta tsaya mini a ƙirji, na ce bari in rubuta ko ta sauka.

Da safe kuwa da murnata na tashi, har Ummi tana tambayata ko biki za mu. Yau ce ranar da dillali ya sa mana mu je ganin gidan da muke son saya. Abban Ummi ya bar wa yaronsa shago a Kwari, ya aro motar Yaya Sani, muka ajiye yara a wajen Maman Walid muka kama hanya. Daga Gyaɗi-Gyaɗi muka bi titin BUK, muka ɓulla Kabuga, muka miƙe titin Gwarzo. Rijiyar Zaki da na sani da gonaki lokacin muna 'yan makaranta, yanzu benaye ne da shaguna ko ta ina. Muka wuce sabuwar BUK, muka wuce barikin Janguza, sannan muka sauka daga kwalta. Na duba agogo, minti arba'in da biyar, kuma ranar Asabar ce da hantsi, hanya ba cunkoso.

Gidan ya shiga raina tun daga ƙofa, ba zan ɓoye ba. Ɗaki biyu da falo, ginin bulo, fili hamsin da hamsin. Ɗaki ɗaya ba silin, waje ba a yi filasta ba, amma akwai rijiya a tsakar gida. Na ɗauki gugan da aka rataye a bakinta na zura, igiyar ba ta yi nisa ba na ji ya taɓa ruwa. Na jawo, na wanke fuskata, sanyi ƙalau, ba wari ba gishiri. Shekara tara ina leƙen mai kura daga taga, ina ƙirga jarka kafin in yi wanki, yau ga ruwa a tsakar gidan da ake cewa zai iya zama nawa. Akwai darbejiya a ƙofar gida, bayan katanga kuma dawa ce ta yi shar, ta fi ni tsayi. Na tsaya ina kallon inda zan ɗaura igiyar shanya, har na zaɓi kusurwar da zan yi wa kaji akurki.

Dillali sai zuba yake yi: "Hajiya, nan da shekara biyar nan ma cikin gari ne." Ya ce miliyan 11, amma akwai magana. A unguwarmu wannan kuɗin ko kango ba zai saya ba. Haya kuma bana mai gida ya mayar da ita 650,000 daga 400,000, ya ce in ba mu iya ba akwai masu jira. Ban ga laifinsa sosai ba, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa abin hannunsa yake ɗagawa. Mun yi lissafi tun watan jiya: kason Abban Ummi na gonar gado, adashina da zan ɗauka a watan gobe, da sarƙata da ɗankunnen aure. In aka yi ragi kaɗan za su kai.

Awon igiya ne, wannan shi ne abin dubawa. Ba shaidar mallaka ta gwamnati, takardar ciniki ce kawai da sa hannun mai unguwa da shaidu, lungun kuma mota biyu ba za su gifta juna ba, ba magudanar ruwa. Yaya Sani ya ja mana kunne kada mu ba da ko sisi sai an ga mai unguwa ido da ido, an tambayi maƙwabta wa ya fara yanka filin, an kuma bincika a KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a jihar Kano, ko wurin bai faɗa cikin wani shiri na gwamnati ba. Da gangan muka je da damina don mu ga inda ruwa yake kwanciya. Yana kwanciya a bakin lungun, amma bai kai ƙofar gidan ba.

A dawowa na ce mu biya Mandawari in yi wa Umma albishir. Na same ta a kan tabarma tana gyaran zogale, ƙafar nan a miƙe saboda gwiwa. Abban Ummi ya gaishe ta ya fita masallaci, ni kuma na zauna na shiga ba ta labari, rijiya, darbejiya, dawa, har da hotuna a waya. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da idonta, ta daɗe tana kallon hoton rijiyar.

Ta ce, "Ma sha Allah. Allah ya sa rai aka yi wa. A ina kika ce yake?"

Na ce, "Gaba da Janguza kaɗan, Umma."

Ta ajiye wayar a kan tabarma, ta ci gaba da tsinke zogalenta. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "To Auta, in na cika da asuba, kafin ki iso ai an kai ni."

Ba da faɗa ta faɗa ba, ba kuma da kuka ba. Yadda za ta ce gishiri ya ƙare haka ta faɗe shi. Na ce, "Haba Umma, wace irin magana ce wannan, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana." Ta ce amin, ta ce in miƙo mata faranti. Shi ke nan, ba ta sake tayar da zancen ba. Da za mu tafi har ta ƙulla mini zogale da kuka a leda, ta sa wa Abban Ummi albarka, ta ce namijin ƙwarai shi ne mai neman inda zai rufa wa iyalinsa asiri.

Tun a mota nake juya maganar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ƙarya ta yi ba. Mu nan ba a jinkirta gawa. Ranar da Baba ya rasu bayan sallar asuba, ƙarfe tara an yi masa sallah a ƙofar gida. Ina Gyaɗi-Gyaɗi, adaidaita ɗaya na hau, na same shi ba a ko yi masa wanka ba, na riƙe hannunsa. Yaya Hauwa da take aure a Kaduna a hanya aka gaya mata an dawo daga maƙabarta, har yau in zancen ya taso sai ta tashi ta bar ɗakin. Umma tana gani duk aka yi wannan. Na san da shi ta auna.

Kuma ba mutuwa kaɗai ba. Yanzu duk Talata da Juma'a in na tashi daga makaranta ina biyawa in shafa mata man zafi a gwiwa, in duba ko ta sha maganin hawan jininta, don in ba a tsaya a kanta ba cewa take yi ta warke. Daga can hawa uku ne: a fito bakin titi, a zo Kabuga, a shiga cikin gari. Kuɗin motar kaɗai zai mayar da sau biyu a mako ya koma sau biyu a wata, na san kaina, na san albashina. Matan yayyena suna ƙoƙari, Allah ya saka musu, amma ba wadda Umma take yarda ta ga gwiwarta.

To amma in mun zauna fa? Baɗi mai gida zai sake ƙari, kuɗin gonar zai narke a haya da cefane, mu wayi gari ba gona ba gida. Ita kanta Umma ita ce kullum take ce mini gidan haya ba gida ba ne, ko ƙusa za ki kafa sai kin nemi izini. Na gaya wa Abban Ummi abin da ta ce. Ya yi shiru har muka wuce Ɗan Agundi, sannan ya ce ɗakin da ba silin ɗin a gyara shi ya zama nata. Na ji daɗin maganar har raina, amma matar da aka kawo ta Mandawari tana 'yar shekara sha biyar, wadda ta san kowace ƙofa a lungun, ba za ta kwana bakwai a bayan Janguza ba. Ko gidanmu na nan ba ta taɓa yarda ta kwana ba.

Sauran yinin ban san yadda ya wuce ba. Tuwon dare ya yi gudaji. Sadiq ya fasa kofin shayi, ban ko yi magana ba. Makarantar yara, Islamiyya, asibiti mafi kusa, duk ban tambayi dillali ba, ina can wajen rijiya.

Litinin Yaya Sani zai je wajen mai unguwa. Ni kuma na roƙi Abban Ummi ya riƙe motar zuwa gobe. Ina so mu je can da sassafe, in sauka a ƙofar gidan, in taka da ƙafata zuwa bakin titi, in hau adaidaita kamar kowa har ƙofar Umma, in ga minti nawa ne. Ya kalle ni ya ce to. Na saita ƙararrawar waya ƙarfe biyar saura kwata.