Lita nawa haibirid ke sha idan ta hau titi?

Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, tambayar farko da mai sayen mota ke yi wa dillali ta sauya. Da can lafiyar inji da giya ake fara tambaya, yanzu kuwa shan mai. Shi ya sa motocin haibirid, masu haɗa injin fetur da na lantarki, suka samu shiga. Dillali zai nuna maka lamba a waya, ka saya da murna, bayan wata guda ka ga kana ziyartar gidan mai fiye da yadda ka yi zato. Galibi ba ƙarya aka yi maka kai tsaye ba. Lambar gaskiya ce, sai dai ba a irin titinka aka samo ta ba.

Ɗauki Toyota Prius zubi na uku, wadda aka fara sayarwa a 2009. A Japan, a tsohon gwajinsu na 10-15, mafi sauƙin nauyi a cikin jerin ta samu kilomita 38 a lita ɗaya. Da aka auna ta da gwajin JC08, a Japan ɗin dai, sai ta koma 32.6. A Turai an rubuta mata lita 3.9 a kilomita 100, wato kilomita 25.6 a lita. A Amurka takardar jikin gilashi ta ce mil 50 a galan, wanda ya kama kilomita 21 da 'yan kai. Inji ɗaya ne mai lita 1.8, batir ɗaya, lambobi huɗu, kuma tsakanin ta sama da ta ƙasa akwai kilomita kusan 17. Abin da ya bambanta shi ne irin tuƙin da aka kwaikwaya a ɗakin gwaji.

Akwai kuma tarkon galan. Galan na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila lita 4.546. Prius ɗin nan a Ingila an tallata ta da mil 72.4 a galan. Wanda bai san bambancin ba zai ɗauka wata mota ce dabam. In lambar ta Amurka ce, ninka ta da 0.425 ka samu kilomita a lita; in ta Ingila ce, da 0.354.

Gwajin kansa ba a kan kwalta ake yin sa ba. Ana ɗora tayoyin motar a kan wasu manyan gammuna na ƙarfe masu juyawa, direba yana bin layin gudu a allo, ana tara hayaƙin salansa a auna shi, daga nan a lissafa man da ya ƙone. A Amurka, zagayen cikin gari na EPA, hukumar kare muhalli ta ƙasar, kilomita 17.8 ne, matsakaicin gudunsa kilomita 34 a awa. Na babbar hanya kilomita 16.5 ne, matsakaicinsa 78, kuma ko sau ɗaya ba ya haura 97. Duk wanda ya san yadda ake taka totur tsakanin Kaduna da Zariya ya san wannan ba tuƙin babbar hanya ba ne. Zafin ɗakin tsakanin digiri 20 zuwa 30 yake, AC a kashe. Sai a motocin 2008 aka shigar da ƙarin gwaji uku cikin lissafi: na gudu har kilomita 129 a awa, na kunna AC a zafin digiri 35, da na sanyi ƙasa da sifili. Nan take Prius zubi na biyu ta sauko daga mil 55 zuwa 46, alhali ko kusa ɗaya ba a sauya mata ba. A ra'ayina, cikin duk lambobin nan ta Amurka bayan 2008 ce kaɗai ta cancanci a gina lissafi a kanta, kuma an yi dace yawancin tokumbo, wato motocin na-hannu da ake shigowa da su, daga can suke zuwa.

Ita ma ba wahayi ba ce. Kamfanoni ne ke gwada motocinsu su miƙa sakamako, hukumar tana sake auna kaɗan daga ciki a ɗakinta na Ann Arbor. Ford C-Max Hybrid ta 2013 ta fito da mil 47 a gari, 47 a babbar hanya. Masu ita suka yi ta ƙorafi. Ashe lambar wata motar kamfanin ce, Fusion Hybrid, aka ɗora mata, domin doka ta yarda a yi haka idan inji da giya da ajin nauyi ɗaya ne, ga shi C-Max ta fi tsayi, iska ta fi tare ta. A Agustan 2013 aka rage ta zuwa 43, kamfanin ya biya kowane mai saye dala 550. A Yunin 2014 aka sake rage ta zuwa 40.

Masu tsinin caji, waɗanda ake jona wa wuta, nasu ya fi muni. Rahoton Hukumar Tarayyar Turai na Maris 2024, wanda aka haɗa daga na'urorin da ke jikin motocin 2021, ya nuna hayaƙin da suke fitarwa a titi ya ninka na gwaji sau uku da rabi, don mutane ba sa cajin su yadda aka zata. Inda wutar Nefa ba ta tsayawa, irin wannan mota haibirid ce kawai mai ɗauke da ƙarin nauyin batir. Caji da janareta kuwa fetur ɗin ne dai, ta bayan gida.

Don a gane inda lambar ke zubewa, sai an san inda ribar haibirid take. Duk ƙarfin da ke cikin batirinta daga fetur ya samo asali. Dabararta uku ce: tana kashe inji idan an tsaya, tana mai da ƙarfin burki caji maimakon ya tafi a zafi, kuma injinta an ƙera shi don tsimi, lantarki na cike masa giɓin ƙarfi wajen tashi. Biyu daga cikin ukun a cunkoso suke aiki. Saboda haka haibirid ta fi tsimi a go-slow ɗin Kano fiye da kan hanyar Abuja, akasin motar fetur zalla. A babbar hanya babu tsayawa, babu burki, injin ne ke jan komai. Turjiyar iska kuma ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi: daga kilomita 100 zuwa 120 a awa, ƙarin gudu kashi 20 cikin ɗari ne, ƙarin turjiya kashi 44. Ɗora kaya a rufi, cika but, zuba mutum biyar, lambar takarda ta tafi.

Sai zafi. Gwajin AC na Amurka a digiri 35 ya tsaya. Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna wuce 40 a Afrilu. A Prius daga zubi na biyu, kwamfuresan AC na lantarki ne, daga babban batir yake sha. Kana tsaye a ƙofar makaranta kana jiran yara, AC a kunne, za ka ji injin ya tashi, ya yi 'yan mintuna, ya mutu, ya sake tashi. Caji yake mayarwa. Man yana tafiya, maleji bai motsa ba. Rabin awa irin wannan kullum ya isa ya ɓata lissafin tanki guda.

Gajeriyar tafiya ma haka. Da safe injin sai ya ɗumama kansa da matatar hayaƙi kafin kwamfutar ta yarda ta kashe shi. Wanda tafiyarsa kilomita uku ce daga gida zuwa kasuwa, kafin motar ta fara aikin haibirid ya riga ya isa.

A nan ne mutane da yawa ke yanke hukuncin da ba daidai ba. A ce zafi da gudu sun ƙara wa kowace mota lita ɗaya a kilomita 100. Haibirid mai shan 4.7 ta koma 5.7, wato daga kilomita 21 a lita zuwa 17.5. Motar fetur mai shan 9 ta koma 10, daga kilomita 11 zuwa 10. Mai haibirid zai ce ya yi asarar kusan kilomita huɗu, an cuce shi. Ɗayan ko lura ba zai yi ba. Alhali lita ɗaya suka ƙara dukansu, kuma tazarar lita 4.3 da ke tsakaninsu tana nan daram. Lissafin kilomita a lita yana zuzuta asarar mota mai tsimi. Lita a kilomita 100 shi ne ke nuna abin da ke fita daga aljihu.

Duk wannan idan motar lafiyarta ƙalau ke nan. Tokumbo mai shekara goma ko sha biyar wani zance ne. Batirin Prius zubi na uku ƙwayoyi 28 ne, kowace volt 7.2, jimilla 201.6, kuma kwamfutar tana riƙe cajinsa tsakanin kashi 40 zuwa 80 don ya daɗe. Zafi shi ne babban abokin gabarsa. Ba ruwa ke sanyaya shi ba, fanka ce ke zuƙo iskar cikin mota ta wata 'yar taga a gefen kujerar baya. Ƙurar hunturu da zare da gashi suna toshe fikafikan fankar, wani ma jaka ko matashi yake jinginawa a bakin tagar. Batir ya yi zafi, kwamfutar ta rage amfani da shi, injin ya ƙi mutuwa, mota ta koma ta fetur zalla ba tare da ko fitila ɗaya ta kama ba. Buɗe fankar a goge ta da buroshi bayan kowane hunturu aiki ne na awa guda. Mai kashe AC don tsimi ya tuna cewa iskar da yake shaƙa ita batirin ke shaƙa.

Alamar batir mai rauni a allo take: sandunan caji su cika cikin ɗan lokaci, su zube cikin ɗan lokaci, fanka na ƙugi a baya. Kafin saye, a jona na'urar OBD2, mai karanta kwamfutar mota, a duba volt ɗin rukunai 14 na ƙwayoyin batirin, biyu-biyu, yayin da ake taka totur da ƙarfi. Rukunin da ke faɗuwa ƙasa da sauran shi ne zai kawo lambar P0A80, wadda ke nufin batirin na bukatar canji. Sauya ƙwaya ɗaya da wadda ƙarfinta bai dace da sauran ba faci ne, 'yan watanni yake yi. Wayoyi masu ruwan lemo kuma ba na wasa ba ne. Bakaniken da bai zare makullin tsaro na batir ba kada ya kusance su.

Akwai ɓarnar da ake yi da sunan gyara. Ta farko cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, da haɗa fankar lagireto kai tsaye, wai ƙasarmu zafi gare ta. A haibirid wannan kashe kai ne, domin injin da bai kai zafinsa ba kwamfutar ba za ta bar shi ya huta ba. Ta biyu zuba baƙin mai 20W-50 a injin da aka rubuta masa 0W-20. Injin nan yana mutuwa yana tashi sau da yawa a tafiya ɗaya, mai kauri yana ƙara masa nauyi a kowane tashi. Ta uku taya. Prius zubi na uku mai rim 15 tana zuwa da 195/65, iska 35 a gaba, 33 a baya a ma'aunin psi, kuma a rubuce yake a jikin ƙofar direba. Mai faci yakan buga da ido. Tayar da ta fi faɗi tana ƙara shan mai, wadda ta fi tsayi kuma tana sa maleji ya ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi. A wannan zubin har ila yau bututun EGR, mai mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji, yakan toshe da baƙin hayaƙi, inji ya riƙa kakkarwa da safe. Burki mai kamawa ma yana ɓuya, tunda haibirid ba ta cika cin takalmin burki ba, sai a manta da shafa wa fil ɗinsa girisi.

Hannun direba yana da nasa kaso. Burki a hankali daga nesa yana komawa caji, burki na gaggawa yana tafiya a takalmi. Giyar B ta gangara ce, irin saukowa daga Jos, ba ta cikin gari ba. A N kuwa batir ba ya caji sam, don haka kada a bar ta a can cikin cunkoso.

Auna naka da kanka, kada ka dogara da lambar allo, ta saba yi wa kanta kirki. Cika tanki har bututun ya katse da kansa, kada a ƙara. Mai da ƙaramin maleji sifili. Yi tuƙinka na yau da kullum har tanki ya kusa ƙarewa, ka koma famfon da ka sha a farko, ka sake cikawa. Idan motar Amurka ce malejinta mil yake ƙirgawa, sai ka ninka da 1.609. Misali, mil 310 kilomita 499 ne. In ta sha lita 29, ka samu kilomita 17.2 a lita, ko lita 5.8 a kilomita 100. Kada ka tsoma man bumburutu a tsakani, don ba ka san adadinsa ba balle ingancinsa. Famfon da aka taɓa shi ma zai sa motar ta zama kamar mashayiya. Tanki ɗaya ba hujja ba ne, sai uku a jere, ka haɗa kilomitocin ka raba da jimillar litocin. Wannan ya fi zama dole ga Prius ta Amurka daga 2004 zuwa 2009, wadda tankinta ke da jakar roba a ciki mai miƙewa da tsukewa gwargwadon yanayi, ta yadda abin da ta ɗauka yau ba shi za ta ɗauka gobe ba. In bayan tanki ukun, a tuƙin cikin gari mai ɗan nisa, ka ga kana dab da abin da motar fetur mai girmanta ke sha, fara da fankar batir da tamostat kafin ka yarda a sauke maka batirin.